Abu Mu'ammal, Mai Makullin Ɗakin Bindigogi

Tun kafin rana ta fara gasa Basra, Falih Sharhan, wanda kowa ke kira Abu Mu'ammal, ya riga ya hau motar ma'aikata da ƙullin burodi da cuku a kan cinya. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana wannan sammako. Wurin aikinsa wani ɗaki ne marar taga a bayan harabar wani kamfanin tsaro da ke gadin rijiyoyin mai a hanyar Zubair. Ƙofar ƙarfe ce, da 'yar kafa da ake miƙo bindiga ta cikinta, sai wani tsohon durom cike da yashi a waje. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwa ta gaji, ido ya fara hazo, kuma in za a faɗi gaskiya, zuciyar ma ta gaji tun ba yau ba.

Da ya buɗe ɗakin sai masu gadi su yi layi. Kowa ya nuna katinsa, a miƙo masa kalashinkof ɗin da ke da lambarsa, da yamma ya dawo da ita. Babu wanda bai haddace karatun da yake yi wa sabon shiga ba.

"Bindigar nan ba taka ba ce, ba tawa ba ce," in ji shi. "Lasisin na kamfani ne. Katinka yana da rai ne muddin kana bakin aiki. Ka tsallake ƙofar can da ita ba a kan aiki ba, kai da ɗan fashi ɗaya kuke a idon hukuma. A ƙwace lasisin, mu duka mu koma gida mu zauna muna kallon matanmu."

Sannan ya nuna masa ɗan ƙarfen da ke gefen bindigar. Yana sama, a kulle take. Ka danna shi ƙasa can, tana fita ɗai-ɗai, kuma iyakar abin da kamfani ya yarda wa mai gadi ke nan. Amma a tsakiya akwai wani mataki, wanda in ƙarfen ya tsaya a nan bindiga ta zama mai ɓarin wuta, ka taɓa kunama sau ɗaya ta amayar da duk abin da ke cikinta. Masifar ita ce hannun mai tsoro a tsakiyar yake tsayawa. Shi ya sa kullum za ka ji muryarsa ta cikin kafar nan, a gajiye, yana cewa, "Ƙasa, ɗana. Ƙasa sosai."

Da yamma kuwa ba ya karɓar bindiga sai an cire gidan harsashi, an cusa bakinta cikin yashin durom, an ja an nuna masa cikinta wayam. Babba da yaro, sabo da tsohon hannu, duk ɗaya. Sabah Muftin, wani ƙaton mai gadi da bakinsa ba ya shiru, ya taɓa ce masa, "Wallahi Abu Mu'ammal, ko matata ba ta bincike na kamar yadda kake yi."

"Da tana yi da ba ka yi wannan tumbin ba. Cire gidan harsashin."

Sabah ɗin nan shi ne ya ba da labarin ranar da wani sabon ma'aikaci, Riyad, ya dawo daga gadi rana ta dafa masa kai. Ya manta bai cire gidan harsashi ba, ƙarfen yana tsakiya, ya taɓa kunama. Durom ya yi ta rawa, yashi ya turnuƙe wurin, mutum goma sha a layi kowa ya kwanta da ciki. Da bakin bindigar ba a cikin yashi yake ba, da an yi jana'iza har an gaji. Abu Mu'ammal bai ɗaga murya ba. Ya fito, ya karɓi bindigar daga hannun Riyad, ya zaunar da shi ya ba shi shayi. Da ya shanye, ya sa shi ya yi ta danna ƙarfen nan sama da ƙasa har yatsansa ya yi bororo. Riyad yana nan a kamfanin, yanzu shi ke koya wa wasu.

A unguwa ma bai tsira ba. Gida nawa ne a kudancin nan babu bindiga a bayan kabad? Maƙwabci ya kawo masa tasa a nannaɗe cikin bargo ya ce ta cije, tambayarsa ɗaya ce: "An kai ta ofishin 'yan sanda an yi mata rajista?" In ka ce a'a, ko taɓa bargon ba ya yi. Ya raka tsofaffi da dama da ƙafarsa, ya tsaya da su a rana har aka gama. Ladan da ya samu shi ne suna. Matasa suka laƙaba masa "Hukuma", in ya wuce su ce Hukuma ta fito sayen kifi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya karya shi ya faru ne shekara shida da suka wuce, lokacin da wansa Jabbar ya rasu.

Jabbar shi ya raine shi bayan mutuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Babban ɗansa Durgam kuwa mai gadi ne a kamfanin, Abu Mu'ammal da kansa ya tsaya masa aka ɗauke shi. A wajenmu in babban mutum ya rasu sai an yi masa arada: dangi su fito da tuta, ana kirari ana buga ƙafa, ana ɓarin wuta sama don duniya ta san an yi rashi. Ɗan mamaci shi ne a gaba, kuma ba ya fita hannu banza. To, bindigar gidan Jabbar sojoji sun ɗauke ta a wani bincike, don ba ta da rajista, duk da ƙaninsa ya yi ta roƙonsa ya kai ta.

Da hantsin ranar, gawa tana jiran motar Najaf, garin da za a binne shi, Abu Mu'ammal ya biya ta kamfani don ya miƙa makulli ya karɓi izinin tafiya. Durgam ya biyo shi har bakin kafar, idanunsa jawur.

"Baffa, ba ni tawa. Kafin la'asar na dawo da ita."

"Ba taka ba ce, Durgam."

"Na sani. Ba karatu na zo ɗauka ba. Ubana ne a kwance. Yayanka ne."

"Na san ko wane ne."

"To waye zai sani? Kai ke da makulli. Harsashin da na harba zan sayo in mayar."

"Ni zan sani."

"So kake in tsaya gaban dangi kamar mai zuwa kallo? A ce ɗan Jabbar ya raka ubansa da tafi?"

Waɗanda ke wurin sun ce Abu Mu'ammal ya matso bakin kafar. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Ɗana, mutum ɗari biyu ke cin abinci da lasisin nan. Kuma taro ne, da mata da yara a kan rufin gidaje. Ba ta fita."

Durgam ya dube shi ya ce, "Allah ya ba ka lada, Hukuma." Ya juya ya tafi.

Ga abin da ya fi ciwo, kuma ba za a ɓoye shi ba don a ƙawata labari. An yi aradar. Wasu sun zo da nasu bindigogin, an yi ɓarin wuta har kunne ya toshe, kuma ko kaza ba ta mutu ba. Babu abin da ya faru da zai sa wani ya ce, ashe Falih ya yi gaskiya. Abin da mutane suka gani kawai shi ne ɗan mamaci a gaba da hannu wofi, da ƙanin mamaci wanda ke kwana da makullin bindiga ɗari.

Hukuncin bai zo da zagi ba. A mudif, zauren da dangi ke taruwa duk Alhamis, mai zuba gahawa yakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya da ɗan kofinsa. Alhamis ta farko bayan an tashi daga zaman makoki, ya zuba wa na daman Abu Mu'ammal, ya tsallake shi, ya zuba wa na hagunsa. Ya koma sati na gaba, aka sake. Bayan na ukun bai ƙara zuwa ba. Matarsa Na'ima ta ce ya dawo ya cire igal ɗinsa, baƙar igiyar da ke riƙe ƙyallen kansa, ya ajiye, ya zauna a tsakar gida har shinkafa da miyar kuɓewar da ta zuba masa suka sandare. Ta ce masa, "Ka je ka ba su haƙuri mana, ko don yara." Ya ce, "In ce musu me? In ce na yi kuskure? Gobe wani ya zo da gawar nasa uban fa?"

Shekara shida. Kuma a cikinsu, kowace safiya ta Allah Durgam yana cikin layi. Ya miƙa kati, baffansa ya miƙo masa bindiga. Sallama kawai, amsa kawai. Da yamma ya cusa bakinta a yashi, ya nuna cikinta, ya wuce. Wanda bai taɓa miƙa wa ɗan da ya goya abu ta kafar ƙarfe ba tare da an haɗa ido ba, bai san wannan gajiyar ba.

Mu kuwa da muke gefe, me muka yi? Muka yi shiru, muka ce maganar dangi ce. Mu ne dai masu kuka duk lokacin da harsashin biki ya faɗo kan wata yarinya a tsakar gidansu, mu ce ina hukuma, ina doka. Ga mutum ɗaya ya riƙe dokar da hannu biyu ta ƙone shi, muka bar shi da sunan tsiya. Abin kunya ne, kuma namu ne.

Abu Mu'ammal, kai ne mai aikin da in ya yi kyau ba a ganin komai. Likita yana da wanda ya warkar ya nuna, magini yana da bango. Kai abin da kake da shi mutane ne da suka koma gida da yamma ba su ma san an yi musu wani abu ba. Kai ne ƙofar da ba ta san ɗan gida ba. Ka so yayanka, kowa ya shaida, kuma ka raka shi Najaf ka sa shi a kabarinsa da hannunka alhali rabin masu rakiyar ba sa yi maka magana. Ba ka taɓa kai ƙarar Durgam ba a kan abin da ya nema, ko da wasa, har yau babu wanda ya ji a ofis daga bakinka.

Da batun ritaya ya taso, abin da ke damun Na'ima ɗaya ne. Ɗakin nan marar taga shi ne mafakarsa. In ya bar shi, ina zai zauna? Tsoho a wajenmu in ba shi da wuri a mudif, to a ƙofar gida zai ƙare yana korar ƙuda.

Kamfani ya duba wanda ya fi daɗewa kuma ba a taɓa kama shi da laifi ba, aka ce Durgam ne zai karɓi makulli. Ba baffansa ya zaɓe shi ba, shi ma a bakin mutane ya ji. Satin da ya wuce suka zauna tare a cikin ɗakin ana miƙa aiki, kujera biyu, ba mai cewa komai sai abin da ya shafi ƙarfe. Ana cikin haka sai ga Hatim, mai gadi ne shi ma, kuma ƙanin matar Durgam. Ya leƙo ta kafar yana murmushi.

"Surukina, yanzu da abin ya dawo gida, ranar Juma'a bikin ƙanina ne. Guda ɗaya kawai, a ji mu a unguwa."

Abu Mu'ammal ya sunkuyar da kai yana goge wani gidan harsashi. Durgam kuwa makullin yana hannunsa, yana kallon layin mutanen da ke bayan Hatim.

"Ba ta fita," in ji shi.

"Kai ma? To sai ka shirya abin da za ka gaya wa matarka."

Da Hatim ya tafi, Durgam ya tsaya da bayansa ga baffansa.

"Baffa. Haka ake ji?"

"Haka ake ji."

"Yana wucewa?"

"Ni dai nawa bai wuce ba tukuna."

Sabah yana tsaye a bakin durom, ya ji komai. Can Durgam ya ce, har yanzu bai juyo ba, "Ranar Alhamis zan biyo in ɗauke ka mu je mudif. In za su tsallake ka, sai su tsallake mu biyu."

Na'ima dai ta ce tuni tsohon ya ba da farar rigarsa a goge.

Mun gode, Abu Mu'ammal. Allah ya hutar da gajiyarka, ya jiƙan Jabbar, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Duk wanda aka damƙa wa makulli, na bindiga ne ko na magani ko na komai, ya tuna cewa ranar gwajinsa ba baƙo ne zai zo masa ba, nasa ne zai zo, yana kuka, kuma da hujja mai kyau. Ku kuma dattawan mudif, Alhamis tana tafe. Mutum biyu za su shigo su zauna, ɗaya da furfura da ciwon gwiwa. Ya jira shekara shida a kan abin da bai kai cikin cokali uku ba. Ku zuba masa.