Jan Ƙyallen da Aka Hana Shifu Kuang

Kafin masu taliyar bakin layinmu su gama hura wuta, Shifu Kuang Shoulin (Shifu laƙabi ne na gwanin sana'a) ya riga ya kama bin matakalan unguwa, sandarsa na ƙwanƙwasa dutse. Makaho ne tun yana ƙarami. Da ya isa ɗakin tausa na asibitin unguwa, sai ya tsoma hannayensa a ruwan ɗumi, don a wurinsa rashin kunya ne ka taɓa gwiwar tsohuwa da hannu mai sanyi. A birninmu Chongqing na ƙasar Sin, inda ko gishiri za ka saya sai ka hau tudu, mai ciwon gwiwa fursuna ne a gidansa.

Makon jiya ya ajiye aiki, manyan yatsunsa sun lanƙwashe, sun daina ji. Ni kuwa haushi ne ya sa ni wannan rubutu.

Akwai lokacin da mahaifiyata ta daɗe ba ta sauko daga bene ba saboda ciwon gwiwa. Likita ya ɗauki hoton gwiwar, ya ce guringuntsi ya zaizaye, ya ba da magani, ya tura mu wurin Shifu. Yayana Zhihe ne ya goya ta, yana ta mita.

"Shifu, rabin ciwon nan fa a kanta yake. Raki ne kawai."

"A kanta yake mana," in ji Shifu. "Da a ina kake so ya zauna, a aljihunka? Gwiwa ta daɗe tana kuka har kai ya haddace kukan, ko ta yi shiru shi ba ya yi. Jeka ka sayo mata taliya, a rage barkono."

Ba ya fara taɓa inda ke ciwo. Daga ƙauri yake tasowa, ya zaga cinya da bayan gwiwa, yana dannawa a hankali yana jan ta da hira.

"Goggo Ran, an ce tsohuwar ƙasan benenku ta fi ki iya majan, wasan nan naku na tebur mai kama da karta."

"Wa? Waccan? Maguɗi take yi!"

"To sai kin sauka da ƙafarki kin kama ta."

Bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ya ce ƙashi ba zai koma sabo ba, shi dai ƙwaƙwalwa yake lallashi ta ƙofar gwiwa, har ta rage firgita. Na ji masu bincike ma sun karkata can yanzu. Abin da na gani da idona shi ne, kafin sanyi ya wuce mahaifiyata ta koma teburin majan tana masifa.

Kowa ya san al'adarmu: wanda ya warkar da naka, ka kai masa jan ƙyalle mai rubutun godiya, a rataye a bango. Bangon kowane likita a asibitin nan ja wur yake. Na Shifu fari fat. Da aka zauna shirya masa sallama, Zhihe, wanda aka sauke wa goyo daga baya, shi ne ya ce, "Makaho ne fa, me zai gani? A ba shi ganyen shayi." Kuma dattawan unguwa suka gyaɗa kai! Gwiwoyin da suka kawo su zaman nan, wa ya gyara su? Wannan ba mantuwa ba ce, butulci ne, kuma ya ƙona mini rai.

Mahaifiyata kuwa kasuwa ta nufa. Ta sayo jan karammiski, ta ɗinka haruffan da igiya mai kauri yadda za su taso. Ranar sallama ta ƙi goyo, ta ƙi a riƙe mata hannu, ta hau matakalan nan tana hutawa tana tsaki.

Shifu ya shimfiɗa ƙyallen a cinyarsa. Babban yatsa ya kasa, sai ya bi ɗinkin da ɗan ƙaramin, harafi bayan harafi.

"Goggo Ran, wa ya hawo da ke?"

"Ƙafata."

Ya sake bin ɗinkin da yatsa tun daga farko.

Shifu, kai ne ka ƙarar da yatsunka a gwiwoyin iyayenmu. Kai ne ka yarda da kukansu lokacin da 'ya'yan cikinsu ke kiransa raki. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa a sana'ar, ku ɗumama hannu, ku saurari tsofaffi kamar yadda ya yi. Ku kuwa masu ganyen shayi, gidansa na saman tudu, ƙofarsa a buɗe take. Ku hau da gwiwoyin da ya ba ku.