Taisto Mai Dalma

Ranar da Taisto Moilanen ya karya haƙorinsa, rabin ƙauyenmu na zaune a kan ƙanƙarar tafki, kowa a bakin ramin da ya huda don kamun kifi, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Ni na miƙa masa abin. Ɗan morri ne, wato ƙugiya mai dunƙulen ƙarfe a ka, amma na tangistan, wani ƙarfe mai nauyi da taurin tsiya, bai kai ƙwayar wake ba, surukina ya kawo mini daga birni. Shi kuwa Taisto yana da wata ɗabi'a tun yana saurayi, duk morrin da aka ba shi sai ya kai baki ya gartsa. In haƙori ya bar shaida a jiki, dalmar kirki ce. In bai bari ba, an yi mata algus.

Ya tuɓe safar hannu, ya jujjuya abin, ya taɓe baki. Kafin in ce tsaya, har ya datsa. Ƙas! Har mutanen da ke can gefen tsibiri sai da suka waigo. Ya tofar, rabin haƙorin gaba ya faɗa cikin ramin.

Na leƙa na ce, "Kai Taisto, ga shi can ya nutse! Ashe haƙorinka ma ya fi dalmarka saurin zuwa ƙasa."

Aka yi ta dariya har wani ya kifar da kofin gahawarsa. Taisto ya miƙe tsaye. Ya jefo mini morrin a ƙirji, ya naɗe kujerarsa, ya ja kayansa ya nufi gida, hannu ɗaya a kan baki.

Katangar itace kawai ta raba gidana da nasa, don haka na san shi ciki da bai. Aikin sare itatuwa ya yi a daji har bayansa ya ƙi. Amma abin da ya sa aka san shi ba gatari ba ne, dalma ce. A ɗan ɗakin da ke jikin ɗakin siracensa yake narka ta a tsohon ludayi, ya zuba a mazubin morri da ya sassaƙa da hannunsa. Duk tsohuwar dalmar da aka ɓamɓare daga tayar mota a yankin nan, wurinsa take ƙarewa. A da, da kaka ta yi, sai ka ga maza sun yi layi a ƙofarsa, wannan na son mai ƙirar ɗigon ruwa, wancan na son mai faɗi. Yakan ce dalma rai gare ta, tana sauka cikin ruwa tana rangaji kamar ƙwaro, kifi ya gani ya yi kwaɗayi.

"Wannan ƙarfen naku fa?" in ji shi. "Dutse ne. Faɗuwa kawai ya iya."

Gaskiyar da ba ya faɗa ita ce, tangistan ba ya narkewa a ludayi. Ko gidan gaba ɗaya ka cinna wa wuta, yana nan yadda yake. Tun da ya shigo shaguna, layin ƙofar Taisto ya yi ta raguwa har ya zama ni kaɗai nake leƙawa, ni ma don gahawar matarsa Sirkka da burodinta mai kirfa.

Sirkka tela ce, 'yar ƙarama, bakinta ya fi allurarta tsini. Ita kaɗai ke iya kiransa tsohon jaki ya yi murmushi. A daminar bara ta fara rama. Aka yi ta kai ta asibitin birni ana dawowa, har bayan Kirsimeti likitoci suka ce a mai da ita gida. Kowa ya gane abin da ake nufi. Aka jawo mata gado kusa da tagar kicin, inda take hango tafki.

Ta daina cin abinci. Kunu ta ƙi, burodi ta ƙi. 'Yarsu Marjatta ta zo daga birnin Oulu da kaya niƙi-niƙi, duk a banza. Sai wata safiya ina zaune a wurin ta ce, "Tsoho, romon ahven nake so. Da madara da dankali, man shanu a sama."

Taisto ya miƙe kamar an tsikare shi. Ahven kifin tafkinmu ne, mai zane a jiki, yara ma na kama shi da rani. Marjatta ta ruga shago ta sayo kifi. Sirkka ta sansana ta kau da kai, ta ce warin firji yake. Maƙwabta suka ji, aka fara aiko da ahven sabo a leda. Ta ce a mayar.

"Tun da na shigo gidan nan ban ci kifin wani namiji ba," in ji ta. "Ba yanzu zan fara ba."

To fa. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da ahven ke komawa can ƙasan zurfi ya kwanta kamar mai zazzaɓi, ba ya buɗe baki sai ga abu ɗan mitsitsi. In Taisto ya sa ƙaramar dalma, sai ta maƙale a kan dusar ƙanƙarar da ke daskarewa a bakin rami, in ma ta wuce, kafin ta kai ƙasa yatsu sun mutu. In ya sa babba, ta sauka, kifin ya dube ta ya juya baya. Samari masu tangistan kuwa, abin ƙarami ga nauyi, tsulum ya huda dusar ya kai ƙasa, sai cika jaka suke.

Kullum gari na wayewa zan hango shi yana jan kayansa, kafin hasken rana ɗan kaɗan ɗin nan ya ƙare ya dawo hannu wofi. Ya sake mazubi. Ya kankare dalma da wuƙa, ya shafa mata jan fenti, ya sa mata tagulla. Sirkka na kallonsa ta taga tana ƙara ƙanƙancewa a cikin bargo.

Na tare shi a katanga na ce, "Tsoho, ka karɓi nawa mana. Ba wanda zai sani sai ni da duk wanda na gaya wa."

Ya ce, "Urpo, dalma ta ciyar da matar nan tun kana fitsarin kwance." Ya wuce.

Haka aka yi ta tafiya har watan ya kusa ƙarewa. Wata safiya na ji ana buga mini ƙofa. Shi ne, hula a hannu, gemu duk ƙanƙara.

"Tsakuwar nan taka tana nan?"

"Wacce? Wadda ta cinye maka haƙori?"

Bai ko harare ni ba, nan na san abin ya yi tsanani. Ya ce, "Jiya ko ruwa da ƙyar ta haɗiya." Na ɗauko na ba shi. Ya riƙe a tafin hannu kamar an ɗora masa garwashi. "Aro ne fa. Ba so nake ba."

Muka shiga kicin ɗinsu don a ɗaura shi a zaren 'yar guntuwar sandar kamunsa. Nan wata matsalar ta ɓullo. Hudar morrin kamar ta allura take, zaren kuma sai siriri kamar gashi. Yatsun Taisto kuwa kamar saiwar itace. Ya gwada, ya gwada, zaren na lanƙwashewa. Na karɓa na sa tabarau, na daki gefe. Muna ta gunaguni muna ture juna a gaban taga, sai muka ji murya daga gado.

"Ku kawo nan, tsofaffin banza. Ku biyu ba ku yi rabin mace ba."

Aka tallafe ta da matashi. Ba ta ko duba sosai ba, yatsun ne suka san hanya. Zaren ya shige. Ƙullin ne ya ɗauke ta lokaci, ta nannaɗa ta huta, ta nannaɗa ta rufe ido. Da za ta ja, ta kai zaren baki don ta jiƙa, amma bakin ya bushe, babu yawu. Ta miƙa wa Taisto. Ya sunkuya ya jiƙa mata, ta ja, ƙulli ya zauna daram.

Ta ce, "In ka bari ya tsinke, kada ka dawo."

Na bi shi tafkin. Ya wuce inda ya saba zama ya je bayan tsibiri, wurin zurfi. Ya huda, ya sa tsutsa, ya saki. Zaren ya yi ta zarara har ya tsaya.

"Ka gani?" in ji shi. "Ko rawa babu. Kamar an jefa mataccen ƙwaro."

Bai rufe baki ba kan sandar ya yi ƙasa. Ya ja da hannu bibbiyu, a hankali, ban taɓa ganin mutum na tsoron zare haka ba. Ahven ya fito yana faƙal-faƙal a kan ƙanƙara, bai wuce tafin hannu ba. Wani ya biyo, wani ya biyo. Da suka isa tukunya ƙarama bai tsaya ƙari ba, ya tattara ya kama hanya, ni ina bayansa ina haki. Ban taɓa sanin tsohon na da sauri haka ba.

Shi ya dafa da kansa, mutumin da ruwan gahawa ma sai ya tambayi inda tukunya take. Sirkka na ba da umarni daga gado, albasa tukuna, dankali ya yi laushi, madara a ƙarshe, kada ya tafasa ta. Ƙamshi ya cika gidan. Marjatta ta fita waje wai za ta ɗebo itace, ta daɗe.

Ya hura cokali ya kai mata. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar. Ya ƙara ɗaya. A na ukun ta girgiza kai.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta.

"Kifin fa?"

"Naka ne. Wa zai bar ƙaya a romon mara lafiya in ba kai ba?"

Shi ne abincinta na ƙarshe. Ba ta ga ƙarshen makon ba. Aka yi jana'iza a cocin ƙauye, sai da aka kunna wuta a kan daskararriyar ƙasa kafin a iya haƙa kabari. A wurin shan gahawa bayan binnewa kowa ya zo ya kama hannunsa, shi kuma ya gyaɗa kai. Hayaƙi bai ƙara tashi daga ɗakin dalmar ba. Tafkin ma ya daina zuwa. In na leƙa ta katanga, sai in gan shi zaune a tagar kicin, a gefen inda gadon yake a da.

Sai da rana ta fara tsawo, saman ƙanƙara ya fara jiƙa, na hango shi bayan tsibiri. Na ja kujerata na zauna kusa. Da dalma yake kamu. Ɗayar sandar, mai ƙullin, tana aljihun ƙirjinsa a naɗe cikin ƙyallen Sirkka, kanta kawai ya leƙo.

Ya ɗan girgiza sandar da ke hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da na zo ƙofarka tun farkon watan, da ta shanye kwano guda."

Ni dai ba fasto ba ne. Abin da na iya kawai na yi. Na zungure shi da gwiwar hannu na ce, "To ai shi ke nan, tsoho. Aron nan na yafe, ka riƙe. Amma sai ka faɗa da bakinka, a nan, tangistan ya fi dalma. Ƙarfena ne ya kama kifin nan."

Ya goge ido da bayan safar hannu, ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

"Ƙarfenka? Ƙullin Sirkka ne ya kama. Kai da aljihunka ke cike da tangistan tun bara, me ka taɓa kai wa matarka daga tafkin nan ban da majina?"