Taimakon Kamil Yana Gidan Baffansa

Bashira 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Riyad. Mijinta Abdulwahid Bahaushe ne ɗan ƙasar Saudiyya, kakanninsa ne suka zo Hajji suka zauna. Ɗa ɗaya suka haifa, Kamil, wanda ya zo duniya da shanyewar ƙafafu da hannun dama. Da Abdulwahid ya rasu, ya bar su a wani ɗaki a saman bene a unguwar Gubaira, ƙasansu garejin gyaran motoci.

Da Kamil yana ƙarami tana goya shi ta yi dambun nama da fura, ɗaliban jami'a su zo su saya. Amma yaro ya girma, gemu ya fara fito masa, ya fi ta nauyi. Ita ke ɗaga shi zuwa banɗaki, ita ke juya shi kada gyambo ya kama masa baya. Sana'a ta tsaya. Ƙugunta ya fara ciwon da sai ta dafa bango take miƙewa daga sujada.

A shekarar 2016 maƙwabciyarta Khalida ta ce mata, "Ummu Kamil, ɗanki fa ɗan ƙasa ne. Masu jinya a gida suna neman taimakon gwamnati, har gado da keken guragu ana bayarwa. Ki je ki tambaya."

Ɗalhatu, bakaniken garejin, ya sauko da Kamil a bayansa ya kai su ofishin da ke ba da taimakon. Ma'aikaciyar ɓangaren mata ta duba kwamfuta, ta dubi Bashira.

"Ya ukti, ai an daɗe ana ba shi. Taimakon wata-wata, gado, keke, har izinin kawo mai aiki."

"Ana ba wa?"

"Wakilinsa. Shakir."

Shakir yayan Abdulwahid ne. Shi ya karɓi takardun gida ranar sadakar uku, ya ce zai adana.

"Ni ke wanke shi," in ji Bashira. "Ki dubi hannuna."

"Na gani. Amma sai alƙali ya canza wakili. Ba ni da iko."

Ba ta koma gida ba. Ta roƙi Ɗalhatu ya kai su gidan Shakir a unguwar Nasim. Wata baƙuwar yarinya mai kayan aiki ta buɗe ƙofa, sai Bashira ta gane ita ce mai aikin da aka kawo da sunan Kamil. A falo kuma ga surukar Shakir zaune cikin keken guragu mai batir.

Bashira ta ce wa Shakir, "Yaya, ba rigima na zo ba. Ka ba ni keken kawai, da yarinyar nan ko da rana ce. Bayana ya ƙare."

Shakir ya ajiye kofin gahawa. "In kin gaji ki faɗa. Akwai cibiyar da ake ajiye irinsu, gobe zan kai shi. Ke kuma na sai miki tikitin Nijar."

Kamil yana mota, amma ya ga fuskarta da ta fito. Da ƙyar ya haɗa kalmomin da Larabci: "Yumma, kar ki bar ni."

Ta kai ƙara. Aka ce ta kawo shaidu maza biyu da za su tabbatar ita ke jinya. Ɗalhatu ya sunkuyar da kai ya ce iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta ƙare, in ya shiga kotu daga can sai tarhil, a mayar da shi gida. Mijin Khalida ya ce ba ya shiga maganar dangi. Ta bi ɗaliban da suka ci dambunta. Ɗaya ya yarda, ranar zama jarrabawa ta riƙe shi. Shakir bai halarta ba, aka ɗage.

Cikin wannan jira ta faɗi da Kamil a banɗaki. Suka kwanta a kan tayil har la'asar, tana kiran Khalida ta taga, shi yana kuka yana ba ta haƙuri. Tun ranar ta daina ɗaga shi. Ta shimfiɗa leda a ƙasa, a nan take masa wanka da tsumma.

Khalida kan kawo shinkafa in ta samu sarari. Ranar Juma'a Bashira tana aika wa limamin unguwa, ko cikin masallata za a samu mutum biyu masu takarda da za su hau benen su gani da idonsu. Liman ya ce zai yi magana.