Samurai a Kunnen Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake ce mini, ko ya ce da Inna, "Gaya wa yarinyar nan." Ni ma ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In ina da magana Inna nake gaya wa, ita ta kai. Haka na taso a Agege ta Legas, a gidan haya mai dogon lungu, ɗakuna suna kallon juna, Hausawa da Yarbawa da 'yan Kudancin Kaduna, famfo ɗaya, kowa ya san miyar da kowa ya ci.

Baba mahauci ne a mayankar Oko-Oba, mutum mai zafin rai da gudun abin kunya. Da na shiga babbar sakandare sharaɗi ɗaya ya aiko Inna da shi: ranar da ya ji an haɗa ni da zancen samari, ranar zan ajiye jakar makaranta. Ban damu ba, don ni lokacin ko kallon banza ba wanda yake yi mini.

A ɗakin ƙarshe akwai wani malamin tarihi ɗan Kudancin Kaduna da matarsa, kowa Ticha yake ce masa. Wata rana na kai wa matar tukunyarta, na hango littafi a kan tebur, a bangonsa wani mutum sanye da sulke da hula mai ƙaho kamar na bijimi. Na tambaya, Ticha ya ce mayaƙin Japan ne na zamanin da, samurai ake ce musu. Da ya ga na ƙi ɗauke ido, sai ya ce littattafai uku yake da su a kansu, kuma akwai yadda ake bin su. A fara da na yaƙi, sannan na zamanin da sarakunansu suka yi ta cin juna har bindiga ta iso musu ta teku, sannan na ƙarshe, wanda ya faɗi yadda aka karɓe musu takubba. Ya ce wanda ya fara da na ƙarshe zai ji tausayinsu bai san me suka aikata ba.

Na ɗauki na farkon, Turancinsa da tauri, ina yi ina duba ƙamus. A ciki na ga ashe da kwari da baka suka fara suna a kan doki, takobi daga baya ya yi tashe. Na ga da shinkafa ake biyansu. Har tuwo na ƙona saboda mutanen nan, Inna ta ce wata rana da littafin za ta hura wuta.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, lungu cike da mata ana layin famfo. Ina ciki ina tankaɗe. Baba ya dawo daga mayanka, Ticha ya tare shi da fara'a, yana so ya yabe ni. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne, ga shi da saurin baki. Daga baya aka maimaita mini abin da ya ce har na haddace:

"Alhaji, yarinyanka yana son samurai sosai! Ni ne na nuna mishi. Ya gama da ɗaya, gobe zan ba shi wani."

Baba bai taɓa jin wata kalma samurai ba. Samari ya ji.

Ni dai ihu na ji, da "Ke! Fito nan!" Na fito da gari a hannuna, na tarar Baba ya ci kwalar Ticha, ya manna shi da bango. Matan Yarbawa suna ta "E jo, Alhaji, e jo," wato suna ba shi haƙuri, ba wadda ta san kan zancen. Baba bai dube ni ba, ya ce, "Abin da mutumin nan ya faɗa, cewa kin gama da ɗaya zai ba ki wani, gaskiya ne?"

Na ce, "Eh, gaskiya ne."

Inna ta ɗora hannu a ka. Baba ya ce, "Samarin har nawa ya haɗa ki da su?"

Sai a lokacin na gane. Kalma ɗaya zan faɗa komai ya wuce. Na buɗe baki, na ji yadda za ta fito, ta yi kama da ɗayar, wadda 'ya ba ta furtawa a gaban ubanta, balle 'yar fari, balle a gaban gida guda. Bakina ya mutu. Na sunkuyar da kai ina kallon garin hannuna, kuma a lungun nan sunkuyar da kai amsa laifi ne. Ina jin Ticha yana cewa, "Gaya mishi mana, gaya mishi!" muryarsa a shaƙe. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Matar Ticha ce ta cece shi. Ta faɗa ɗakinmu ba sallama, ta ɗaga matashina, ta zo ta ɗora wa Baba littafin a kan hanci. "Ga shi, Alhaji! Wannan ne!"

Baba ya daɗe yana kallon mai hular ƙahon. Ya ce, "Wannan ne saurayin?"

Lungu ya fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Baba ya saki kwalar, ta riga ta yage har ƙirji. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an watsa masa ruwan wanke-wanke. Ya shige ɗaki, ko sallar magariba a ciki ya yi ta.

Washegari ya kai wa Ticha hanta da tsoka da sabuwar riga, da kansa. Ticha ya karɓa, ya ce ya wuce, amma daga yau littafi ta hannun Alhaji zai riƙa bi. Haka na biyun ya zo: Ticha ya ba Baba, Baba ya ba Inna, Inna ta ba ni, da shaidar maiƙon yatsan Baba a bangon littafin. "Littafin mutanen nan" yake ce masa. A cikinsa na karanta cewa idan abin kunya ya kama ɗayansu, cikinsa yake farkewa da wuƙa. Na rufe littafin na yi a'uzubillahi, amma na fahimci abin da yake kai mutum can.

Makaranta dai ban ajiye ba. Ticha ne abin ya ƙare a kansa. Sunan "Ticha mai samari" ya bi shi, yara suna rera masa a bakin titi, 'yan okada suna kira in zai wuce. Waɗanda ba su ga littafin ba rabin labarin suka ji, wasu suka janye 'ya'yansu mata daga darasin da yake yi da yamma. In na hango shi sai in koma ɗaki. Sau da yawa na shirya abin da zan ce masa, ina zuwa ƙofar sai in wuce famfo kamar ruwa na zo ɗiba. Kafin shekara ta ƙare suka kwashe kaya a motar danfo suka koma wajen Mile 12, ina laɓe a bayan labule.

Da yammar ranar ina zaune a ƙofar ɗaki, Inna tana nan kusa, Baba ya wuce ta ya tsaya a kaina. Bai taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. Littafi na uku ne, Ticha ya bar masa kafin su tafi. Idonsa yana kan bango, ya yi gyaran murya, ya faɗi kalmar a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai tsallake kwata:

"Ga sa-mu-rai ɗinki."

Shi ya iya faɗarta a gabana. Na karɓa da hannu biyu, na kasa ɗaga kai.