Baba Hanci, Direban Maharba, Ya Ajiye Makulli

Da sassafe, kafin maharba su gama taruwa, ya riga ya buɗe gaban tsohuwar a-kori-kurarsa, ya duba mai da ruwa, ya taka birki, ya zagaya yana dukan tayoyi da ƙafa. Daga nan sai ya tsaya a bayan mota ya tare hanya. Duk mai son hawa sai ya cire harsashi daga bindiga, sannan ya matso ya gaishe shi baki da hanci, don Baba ya ji ko yana warin giya. Abin da ya jawo masa sunan Baba Hanci ke nan. Karnuka kaɗai yake bari su wuce. "Su warin bakinsu na halitta ne," in ji shi.

Babu dabarar da ba a gwada masa ba. Wani ya tauna kanumfari, wani ya zuba giyar a gorar ruwa, wani ya ce maganin sanyi ne. Amsarsa ɗaya: "To koma gida ka warke." Shekara da shekaru yana maimaita wa ƙarti masu gemu abin da ko yaro ya sani, cewa mai ganin abu biyu-biyu bai kamata ya riƙe bindiga ko sitiyari ba. Ladansa zagi ne. An ce masa mai baƙin rai, an ce ya mai da mota masallaci.

Ranar da aka fi tunawa, ƙanin matarsa ne ya zo yana tangaɗi.

"Haba Yaya, har da ni? Kurɓa ɗaya ce fa."

"Kurɓar ta fi ka nauyi. Sauka."

"A gaban mutane za ka tozarta ni?"

"Gara a gaban mutane da a gaban 'ya'yanka, kana kwance an rufa maka zane."

Ƙanin matar tasa ya yi fushi, abokansa suka taya shi, suka tafi suka samo wata mota. Direban bai tambaye su komai ba, hasali ma da aka miƙa masa kwalba karɓa ya yi. Suka wuce Baba Hanci a guje suna danna masa hon.

A kwanar gada ya iske su, mota ta kife a kwari. Bindiga ɗaya da ba a cire wa harsashi ba ta tashi, ta fasa cinyar wani maharbi. Waɗanda ke tare da Baba Hanci sun ce bai tsaya salati mai tsawo ba. Ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar, ya sauke karnuka, ya kwashi mutane sai asibiti, yana tuƙi yana faɗa har ƙofa. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta ce ɗaurin nan ne ya tsayar da jinin.

Sai a ɗauka an daddara. Ina. Ƙanin nan, da shi ma ya ji rauni a ƙafa, yana warkewa ya dawo da ɗingishinsa, da kanumfari a baki. Baba Hanci ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "Wai ni kam me na yi wa Allah?" Ya sake sauke shi.

Yanzu idonsa ya fara hazo, kuma shi da kansa ya ce wanda ba ya gani sosai bai da hurumin ɗaukar rayukan mutane. Ya ajiye makulli. Abin takaici, akwai masu murna, wai an huta da binciken baki.

Baba, kai ne ka yarda a ƙi ka don mutane su koma gida da ƙafafunsu. Matan da ba su yi takaba ba, ba su ma san kai ne sanadi ba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya.

Ku kuma direbobin da za ku gaje shi, idan aboki ya zo da maye, ku ce masa ya sauka. Zai zage ku. Ku bar shi ya yi zagin, ai mai rai ne ke yi.