Yaya Rabi, Sun Ce Sai da Hoto

Bana shekara bakwai da rasuwar Hajiya Rabi, wadda duk matan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi suke kira Yaya Rabi, har waɗanda suka girme ta. Ba jini ya haɗa mu ba, katanga ce. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi mata sadaka in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, domin makon jiya na zauna a kujerar da ta saba zama, a matsayin wakiliyar reshenmu a babban taron shiyya na ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai.

Ita ta kafa reshen nan. Aikin ƙungiyar ɗaya ne a ko'ina, duba marasa lafiya da tallafa wa gidan da tukunya ta daina hawa wuta, amma salonta daban ne. Ba ta yarda a jera mutane a layi a raba musu kaya. Idan ta ji gida ya shiga wani hali, sai ta aika da kwanon samira mai hawa-hawa, kamar ɗanɗanon da maƙwabta ke aika wa juna. A na sama ɗan tuwo ne ko dambu, a na ƙasa kuwa ɗanyar shinkafa da wake da ƙullin manja. Kuma ba ta karɓar kwanonta wayam. "Ni ma ina da baki," haka take cewa. "Ki sako min ko daddawa ce." Mai kallo daga waje musaya kawai yake gani tsakanin mata biyu. Da ta rasu, haka muka ci gaba da yi.

To bana sai ga ƙuduri daga ofishin shiyya: kowane reshe ya riƙa turo hoton duk wanda ya taimaka, fuskarsa a fili, kayan a gabansa. Reshen da ya ƙi, a soke shi. Matanmu suka taru suka ce ni zan je in faɗi ba mu yarda ba. Na ce su dubi Allah, ni da ko a gidan biki ba na iya ɗaga murya. Suka ce ai ni ce na fi kowa zama da Yaya Rabi.

A wani zaure aka yi shi nan Tarauni. Wakilai sun zo daga Sakkwato da Katsina da Kaduna da sauran jihohi, kowa da katinsa a wuya, maza gefe, mata gefe, da 'yan'uwanmu Kiristoci na reshen Sabon Gari cikin rigunansu iri ɗaya. Aka fara haska ayyukan rassa a allon majigi. Mata ne a tsugune, kowacce da buhu a gabanta. A wani hoton wata dattijuwa ta ja mayafi za ta rufe fuska, ga hannun wani ya riƙe gefen mayafin. Zaure ya ɗauki tafi. Ni kuwa na tuna Yaya Rabi, mace mai kaifin harshe wadda ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Da tana nan, wallahi da ta miƙe tun kafin a ba ta dama, ta tambayi mai hannun ko zai so a yi wa mahaifiyarsa haka. Ni ba ita ba ce. Zama na yi ina murza bakin mayafina.

Ba zan zalunci sakataren shiyya ba. Matashi ne mai ladabi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce masu ba da tallafi sun gaji da jin labari, ido suke so ya gani, kuma an sha samun inda aka ce an raba alhali ba a raba ba. Da aka kira reshenmu na tashi na karɓi makirufo na faɗi abin da aka aiko ni da shi: cewa yunwa tana wucewa, amma hoto ba ya wucewa, cewa akwai matar da za ta gwammace ta kwana da 'ya'yanta haka nan da a gan ta a wayar surukanta. Ina magana ina ganin wasu suna duba agogo.

Sai wani dattijo daga cikin wakilai ya ɗaga hannu. "Hajiya, mun ji, kuma magana ce mai kyau. Amma ina shaida? Kawo mana mutum ɗaya da kuka taimaka ya faɗa da bakinsa."

Na san gidajen da muke kai wa kwano yanzu ɗaya bayan ɗaya, daga layinmu har Darmanawa, amma babu wanda nake da ikon ambata. Mutum ɗaya ce kawai asirinta yake hannuna.

Shekarun baya, lokacin da masaƙar da maigidana Malam Aminu yake aiki ta rufe, mun shiga halin da ko 'yan'uwana ban gaya wa ba. Malam mutum ne mai tsananin kunya. Kullum zai yi wanka ya sa kaya ya fita kamar mai zuwa aiki. Da abin ya kai maƙura na shiga wurin Yaya Rabi na fashe da kuka. Washegari kwano ya fara shigowa, ya yi ta shigowa har Allah ya kawo wa Malam wani aikin. Ta ce kada in gaya masa, namiji ba ya son a san ya gaza. Shi ma bai taɓa tambaya ba.

Na ce da dattijon, "Baba, ga shaida a gabanka. Ni ce. 'Ya'yana sun ci daga kwanon nan. Da a ce sai da hoto, da ban je ba."

Sai na lura da wayoyi da yawa a sama, duk sun saito ni. Na zo hana ɗaukar hoton wasu, ga shi ana ɗaukar nawa. Ba a kaɗa ƙuri'a ba a ƙarshe, aka miƙa ƙudurin ga kwamiti ya sake dubawa kafin taron baɗi. Ban tsaya cin abinci ba. Na tari a-daidaita-sahu ina addu'ar in riga bidiyon isa gida, cunkoso kuwa ya tsare mu a hanya kamar da gayya. Asirin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ban nemi izinin mai shi ba.

Na same shi a tsakar gida ya dawo daga sallar la'asar. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga kukan da na je na yi har abin da na furta a gaban jama'a.

"Binta," ya ce, "ke ma kin je wurinta?"

Ashe kafin ni ya riga ya je. Ya sami maigidanta a zaure, aka kira ta, ya faɗi halin da muke ciki da kansa a sunkuye. Ita ce ta ce masa kada ya gaya min, wai mace ba ta son ta riƙa jin nauyin maƙwabciyarta. Ta karɓi kukana kamar ba ta san komai ba. Ta yi shekaru tana gaisawa da mu biyun safe da yamma, ko a ido ba ta taɓa nunawa ba.

Ban san abin da kwamitin zai yanke ba, kuma ina tsoro. Wataƙila baɗi a soke mu, wataƙila zamani ya fi ƙarfin irin aikinta. Ba ta bar gini da sunanta ba, hotonta ma ɗaya ne a gidanta, na fasfon aikin Hajji. Abin da ta bari shi ne gidaje a unguwar nan da suke fita da kansu a sama, ba wanda ya san sun taɓa rasa na cefane, wasu ko a tsakaninsu ba su sani ba. Namu asirin ya fito ne don ni na fitar da shi da bakina. Na sauran yana tare da ita a kabari. Allah ya rufa mata asiri ranar da kowa zai tsaya, ya sa Aljanna ce makomarta.