Tabarma Mai Ƙafar Fara

Jikata ce ta tono mini wannan magana. Ta zo hutu daga Yamai tana ba ni labari, wai yanzu akwai biro, wato ofishi, inda mai sana'a ke kai adon da ya ƙago da kansa, a rubuta, a buga hatimi, duk wanda ya kwaikwaya a kai shi gaban shari'a. Ta ce, "Kaka, da a zamaninku akwai haka, da kin more." Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ni na taɓa kai adona gaban shari'a, kuma na ci, ban more komai ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Madawa da Bangi. A can kowace mace ta iya tabarma, kamar yadda ta iya daka. Mu yanko kaba a fadama, mu shanya, mu tsaga, mu rina wadda za mu rina: ja da karan dafi, baƙi da bagaruwa da laka. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya. Dogon saƙi ake yi, faɗinsa kamar tafin hannu, a yi ta nannaɗe shi har ya isa, sannan a jera a ɗinke gefe da gefe. Yawancin mata layi-layi suke yi, ja, fari, baƙi, shi ke nan.

Ni ce na fara wani abu dabam, a shekarar da ta biyo bayan wadda fara ta cinye mana hatsi. Ina amarya lokacin, ga yunwa, ga zaman banza. Sai na riƙa ƙirga kaba ina sauya launi a wurare, yadda in ka kalli saƙin shi kaɗai ba ka ganin komai sai ɗige-ɗige, amma in an jera an ɗinke, sai baƙin ya hau, ya karye, ya sauko, jan yana bin bayansa. Na ɓata kaba ba iyaka kafin ya zauna. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta yi ta faɗa wai ina wasa da abin da za a ci. Ranar da na shimfiɗa ta farko a tsakar gida ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wagga ai ƙahwar hwara ce." Sunan ya bi ta.

Wani falke daga wajen Sakkwato ya gan ta a kasuwar Bangi, daga nan duk wadda na yi tasa ce. Abin da yake ba ni a kan guda ɗaya, sai wata ta sayar da uku ba ta same shi ba. Mata sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayo, ya ƙi musu, don sirrin yana cikin ƙirgar, ni kuwa ko Inna ban gaya wa ba. A ɗaka nake saƙa, in an yi sallama in tura saƙin ƙarƙashin gado.

Da Nasara suka shiga babban yaƙinsu, aka zo ɗibar soja, aka tafi da mijina. Ya bar ni da ɗiya mata biyu, da ciki, da tsohuwa, da gonar da ba mai nome ta. Ƙafar fara ce ta riƙe gidan nan. Ba na ƙari, wallahi: ba don ita ba da mun watse.

Akwai maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta ya mutu a aikin hanya, aikin tilas na Nasara, ya bar mata yara uku. Da na haihu ita ta tsaya mini: ita ce itace, ita ce ruwan wanka, ita ce kunun kanwa. Ina kwance falke ya aiko yana jiran kaya, ga saƙi a nannaɗe ban ɗinke ba. Yaya ta ce in kawo ta ɗinke mini. Na ba ta. Kwana uku saƙin ya yi a ɗakinta, kuma Yaya ba daƙiƙiya ba ce.

Bayan na gama wankan jego na fita kasuwa, sai ga ƙafar fara a gaban Yaya. Biyu. Baƙin bai kai nawa ba, gwiwar ta ɗan karkace, amma ita ce. Na ji jini ya hau mini ka. Falke kuma da ya zo ya ce mini, da murmushinsa, tun da yanzu ana samunta a wani wuri da sauƙi, sai in rage masa.

Da yamma na shiga gidanta ko sallama ban yi ba.

"Yaya, mi kinka yi mini haka?"

Ba ta musa ba. Tana tsaga kaba, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ƙanwata, yara ba su ci ba. Kasuwa tana ɗaukar ni da ke."

"Sata kinka yi!"

"Mi na ɗauka naki? Kabarki ta ragu?"

Wannan tambaya ce ta haukata ni. Na zazzage mata duk abin da ke bakina, har da wanda bai kamata ba, a gaban 'ya'yanta. Ni dama tun ina yarinya an san ni da zuciya. Inna ta leƙo ta katanga tana cewa in fito, na ƙi.

Abin da ya fi tsorata ni, Yaya ba ta iya ɓoye abu ba. A tsakar gida take saƙa, mata na shiga suna fita. Na san kafin kaka kowace mace daga nan har Galma za ta iya, ƙafar fara ta koma tabarmar da ake shanya kuɓewa a kai. To me zan ba yarana?

Na je wurin alƙali, ƙanen mijina ya raka ni. Dattijo ne mai haƙuri, ya saurare ni har na gama. Ya tambaya ko ta ɗauki tabarmata. Na ce a'a. Ko ta ɗauki kaba, ko rini. A'a. Ko na ba ta saƙin da sharaɗi a gaban shaidu. Na ce wane sharaɗi, ina kwance da jinin haihuwa? Ya ce, "Ɗiyata, na duba, ban ga inda littahi ya hukunta abin da ido ya ɗauka ba. Ku koma ku sasanta, ku maƙwabta ne." Na fito ina cewa a raina tsufa ya cinye shi. Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya gaya mini gaskiya.

Da na tsaya nan, da ban da labarin bayarwa. Sai na ce sarki zan kai wa. Sarkin ƙasarmu, wanda Nasara suka bar wa karɓar lanho, wato haraji, da tara mutanen aiki, maganarsa ba a mayar da ita.

Ba a zuwa gaban sarki hannu sake, sai da gaisuwa. Talaka kan kai zakara, ko goro, ko damin hatsi. Ni kuwa girman kai ya ce mini in kai abin da zai yi magana da kansa. Na zauna sati biyu na saƙa ƙafar farar da ban taɓa yin irinta ba, kaba tsagin siriri, baƙin kamar an shafa mai. Na ce in ya ga wannan, ya ga ta Yaya, ba sai an kira shaida ba. Ban yi shawara da kowa ba. Inna ta ɗauka ta falke ce.

Da hantsi aka shigar da mu zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa, Yaya can gefe, an kirawo ta, da ƙaramin ɗanta a baya. Wani bafade ya karɓi tabarmata ya warware ta a gaban sarki. Sarki ya shafa ta da tafin ƙafa, ya tashi daga kan buzunsa, ya ce a shimfiɗa masa. Ya zauna a kai.

Na ji daɗi. Wayyo ni, har wani sanyi na ji a ƙirji! Sai na ga ƙanen mijina ya sunkuyar da kai, na ga fadawa suna kallon juna. Kowa a zauren ya gane abin da ya faru, ban da ni. A ƙasarmu, abin da sarki ya zaɓa ya sa a jikinsa ko ya zauna a kai, talaka ba ya yin irinsa. Na san da haka a kan rawani da alkyabba. Ban taɓa kawo wa raina zai hau kan tabarma ba.

Sarki ya tambayi Yaya, "Ke, wa ya hwara wanga aiki?"

Ta ce, "Ranka shi daɗe, ita ta hwara."

"Ta ba ki izini?"

"Ba ta ba ni ba."

Ko ƙarya ɗaya ba ta yi ba, ni da na zo da shirin rantsuwa.

Sarki ya ce gaskiya tawa ce. Daga yau ba wata mace a ƙasarsa da za ta sake saƙa ƙafar fara sai ni, wadda aka kama za ta gamu da dogarai. Na buɗe baki zan yi godiya, sai ya ci gaba. Ya ce tun da ta zama shimfiɗar fada, ba za a ƙara ganinta a kasuwa ba, kada a je a tarar da mahauci zaune a kan irin abin da sarki ke zama. Duk wadda na saƙa, gidan sarki za a kawo. Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne, zaki!"

Na ce, "Ranka shi daɗe, da ita nike ci da marayun Allah." Mijina bai mutu ba lokacin, amma abin da ya fito ke nan. Bafade ya daka mini tsawa wai an yi mini alheri ina musu. Aka ce mu tashi.

Kafin la'asar dogarai biyu sun shiga gidan Yaya. Ina jin komai ta katanga. Ba ƙafar fara kaɗai suka ɗauka ba, duk wata tabarma da ke ɗakin sun naɗe, har wadda yara ke kwana a kai, da kabar da ta rina, da tukunyar rinin, da akuyarta ɗaya wai ladan tafiyarsu. Yaran na kuka. Inna ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "To, kin ci shari'a. Tashi ki dahwa muna ita mu ci."

Daga ranar na zama masaƙiyar fada. Sarki na kyauta da tabarmina, ya ba kumandan, babban Nasaran yankin, ya aika wa sarakunan Buza da Keita, ana yaba masa. Ni kuma a aiko mini da ƙwaryar hatsi in an tuna, in ba a tuna ba oho. In na yi jinkiri dogari ya zo ya tsaya a ƙofa. Falke ya daina tambayata. Na koma yin layi-layi irin na kowa, a ɗan lokacin da aikin fada ya bar mini, kuma a kasuwa mata ba sa matsa mini wuri. Har wadda ba ta taɓa saƙa ƙafar fara ba tsorona take ji, kada in ce ta kalle ni. Shekarar nan mun ci tafasa da dusa, na sayar da 'yan kunnena, babbar ɗiyata ta tafi wurin gwaggonta don baki ya ragu.

Yaya ta fi ni shan wuya. Ba jari, ba akuya, kuma ba mai son sayen tabarma a hannun wadda dogarai suka shiga gidanta. Ta yi ta daka a gidajen mutane ana ba ta tsakin hatsi. Katanga ɗaya, ina jin tarin ƙaramin ɗanta, ina da sauran hatsi kaɗan a tukunya, ban miƙa ba. Kunya ta hana ni, da kuma wani taurin rai da har yau ban san sunansa ba. Kullum sai in ce gobe.

Ana cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, ta yanke shawarar tafiya ƙasar Ingilishi, bayan iyaka, wurin wani ɗan'uwanta. Hanya a rufe take lokacin, sai ta daji, a ɓoye wa gardi, masu tsaron Nasara. Da safe ta bi gida-gida tana sallama, kamar yadda matafiyi ke yi, a yafi juna. Ta zo ƙofar ɗakina. Ina ciki da saƙin fada a cinya.

Ta ce, "Ƙanwata, za mu tahi. Na ɗauki abinki ban tambaye ki ba. Ki yahe mini."

Ita ke neman gafarata! Maganar da ya kamata in faɗa na san ta, ban faɗe ta ba. Abin da na ce daga ciki, ko labule ban ɗaga ba, shi ne, "Allah shi yahe muna baki ɗaya." Irin amsar da ake ba baƙo. Ta ɗan tsaya, sannan na ji takunta da na yaran.

Bayan kaka wani mai jaki da ke kai gishiri can ya dawo da labari. Ya ce ya gan ta, tana aikatau a wani gari bayan iyaka. Inna ta tambaye shi yaran fa. Ya ce biyu ya gani. Ƙaramin a hanya ya rasu, kwana biyu da barin gida, ita da babban ɗanta suka tona masa da hannu da guntun ƙwarya.

Na shiga ɗaki na yi kuka har muryata ta dishe, ba wanda ya zo ba ni haƙuri. Washegari dogari ya zo karɓar tabarma, sarki zai yi baƙi. Ban gama ba. Na wanke fuska na zauna na gama masa.